Yadda Mutanen Ɗan Saga Suka Dawo da Itatuwan Gonakinsu

Wannan shi ne jawabin da Editan wannan jarida ya gabatar a gaban shugabannin ƙungiyoyin manoma na ƙasar Daura. Mun buga shi dukkansa domin amfanin waɗanda ba su samu halarta ba.



Masu girma hakimai da dagatai da masu unguwanni, malaman gona da malaman daji, shugabannin ƙungiyoyin manoma, shugabannin makiyaya, iyayenmu mata da sauran jama'a, ina yi muku barka da zuwa.

An ce in yi magana a kan ƙungiyoyin gama kai na manoma da halin da ƙasar nomanmu take ciki. To, kowa a nan ya riga ya san amfanin haɗa kai, saboda haka na zaɓi in ba ku tarihin wani ɗan ƙauye na manoma 'yan'uwanmu Hausawa da ke Jamhuriyar Nijar, mai suna Ɗan Saga. Dalilin da ya sa na zaɓe shi shi ne, ƙasarsu jigawa ce irin tamu, gero da dawa da wake da gyaɗa suke nomawa kamar mu, kuma ruwan saman da suke samu bai ma kai namu ba. Shekaru 40 da suka wuce gonakinsu sun zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi. Daga baya kuwa sai ga masana daga ƙasashe daban-daban suna zuwa kallon itatuwan da suka cika gonakin nan. Abin da nake so mu duba shi ne yadda aka yi haka ta faru, da kuma abin da ya shafe mu a ciki.

Inda ƙauyen yake

Ɗan Saga yana arewa da garin Agye, cikin jihar Maraɗi. Shi kuwa garin Agye yana kan babbar hanyar da ta tashi daga Maraɗi zuwa Damagaram, kafin a isa Tasawa. Idan mutum yana birnin Katsina, to arewa da shi ke nan. Ruwan saman da yankin yake samu a shekara yakan kama daga milimita 400 zuwa 600, kuma cikin wata uku zuwa huɗu yake sauka.

Mutanen wannan yanki ba baƙinmu ba ne. Bayan da mayaƙan jihadi suka ci Katsina a 1807, sarakunan Haɓe na Katsina sun yi arewa da jama'arsu, inda daga baya suka kafa Maraɗi, wasu kuma suka zauna Tasawa. Irin abin da ya samu gidan sarautar Daura ke nan, lokacin da Sarkin Gwari Abdu ya bar birni, zuriyarsa suka zauna Zango da Baure, har zuwa 1906 da Malam Musa ya dawo kan gadon sarautar Daura. Iyakar da ta raba mu da su kuwa, Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta tsakanin 1906 da 1908. Kafin nan ƙasa ɗaya ce, kasuwa ɗaya, auratayya ɗaya.

A cikin ƙarni na 19 yaƙe-yaƙe da hare-hare sun sa mutane suna tattaruwa kusa da garuruwa masu ganuwa ko shinge. Tsakanin gari da gari kuwa daji ne. Akwai gawo da kirya da marke da ɗanya da aduwa da magarya, ga sabara da kalgo da geza da taramniya ko'ina. Ku duba sunayen garuruwanmu ma, irin su Mai'aduwa da Magarya da Rimi, za ku ga matsayin da itace yake da shi a wurin kakanninmu.

Yadda dajin ya ƙare

Da yaƙe-yaƙe suka kwanta a farkon ƙarni na 20, sai jama'a suka bazu cikin daji suna sassabe suna kafa sababbin ƙauyuka da tungaye. A wancan zamani ƙasa tana da yawa, mutane kaɗan ne. Manomi yakan noma gona 'yan shekaru, idan ta gaji ya bar ta ta huta, ya sare wani wurin. Kafin ya dawo, saurar ta sake zama kurmi, ƙasar ta farfaɗo.

Abubuwa uku suka rushe wannan tsari. Na farko shi ne yawan jama'a. Lokacin da Nijar ta samu mulkin kai a 1960 mutanenta ba su kai miliyan 4 ba, yanzu kuwa sun haura miliyan 25, kuma jihar Maraɗi tana cikin wuraren da suka fi cunkoso. Gona ta rasa lokacin hutu, domin babu inda za a koma.

Na biyu shi ne gyaɗa. Kamar yadda gyaɗa ta zama abin biyan haraji da samun kuɗi a nan Arewacin Nijeriya tun bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, haka ta zama a Maraɗi da Damagaram. Gwamnatin Nijar ta kafa kamfanin sayen gyaɗa na SONARA a 1962, tare da hukumar ba da rance da kula da ƙungiyoyin gama kai a wannan shekara. Aka faɗaɗa gonaki, aka kawo garmar shanu, aka riƙa koya wa manomi cewa gonar kirki ita ce wadda aka tumɓuke mata kututture duka, ta zama fes.

Na uku, wanda ya fi sauran illa, shi ne doka. A 1935 Turawan Faransa suka yi dokar gandun daji wadda ta mayar da daji da muhimman itatuwa mallakar gwamnati. Bayan mulkin kai, dokar 1974 ta bi wannan sawu. Gawo yana tsakiyar gonarka, amma idan ka sare reshensa ba da takardar izini ba, ma'aikacin gandun daji zai ci ka tara. An yi dokar ne da niyyar kare itatuwa, amma ku duba abin da ta haifar. Manomi ya ga cewa itacen da ya girma a gonarsa masifa zai jawo masa, saboda haka da ya ga ɗan gawo ya tsiro sai ya sa fartanya ya kawar da shi tun ba wanda ya gani. Haka kuma, tun da itacen ba na mai gona ba ne, duk mai wucewa da gatari yana ganin yana da haƙƙi a kansa. Dukiyar da ba ta da mai ita kuwa, kun san ba ta daɗewa.

Shekarun fari

Sai ga farin 1973 da 1974, wanda dattawanmu na nan ba su manta da shi ba. Dabbobi suka mutu, mutane suka watse. A 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa a Nijar da Nijeriya, noman gyaɗa bai sake komawa yadda yake ba. Ba a gama farfaɗowa ba, farin 1984 ya sake aukuwa. Wanda ba shi da hatsi ba shi da dabba, abin da ya rage masa shi ne ya sari ice ya kai kasuwa. Ta haka sauran itatuwan da suka tsira suka tafi.

Halin da ƙauyukan arewacin Agye suka shiga ke nan, har da Ɗan Saga. Idan ruwan farko ya sauka aka yi shuka, iskar da ke gaba da hadari takan kwaso rairayi ta yanke ɗan tsiron gero ko ta binne shi. Manomi yakan yi shuka sau uku ko sau huɗu kafin ta kama, ga asarar iri, ga damina tana ƙurewa. Mata suna tafiyar sa'o'i neman itacen girki, idan ba su samu ba su ƙona kara da kashin shanu, wato abin da ya kamata ya zama takin gona. Samari kuwa sai cin rani, da yawansu nan Nijeriya suke zuwa.

Gwamnati da ƙungiyoyin agaji ba su zauna ba. An kafa wuraren renon dashe, an raba miliyoyin 'yan itatuwa, an yi gandayen ƙauye da shingen waya. A watan Mayu na 1984 Shugaba Seyni Kunce ya kira babban taro a Maraɗi a kan gurgusowar hamada. Amma mafi yawan abin da aka dasa ya mutu. Ɗan dashe yana bukatar ban ruwa a lokacin da mutane ke neman na sha, awaki suna jiransa, gara tana jiransa, kuma ba wanda yake ganin nasa ne.

Sassabin zamani

A cikin masu wannan aikin dashe akwai wani malamin gona mutumin Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ya zo Maraɗi a 1981 ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta SIM. A 1983, bayan ya sha wahalar dashen da ba ya rayuwa, sai ya lura da wani abu da kowane manomi yake gani kullum. 'Yan kurmin da ke tohowa a gonaki kowace shekara, waɗanda ake sassabewa a ƙone kafin shuka, kututturan manyan itatuwa ne da aka sare tun da daɗewa. Saiwoyinsu suna nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, sun yi nisa har inda danshi yake. Idan aka zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi aka bari, aka cire sauran, to duk ƙarfin saiwar zai koma kansu, su girma da saurin da ɗan dashe ba zai taɓa yi ba, kuma ba ban ruwa. Wannan dabara ita ce mutanen Nijar suka sa wa suna sassabin zamani.

Manoman farko da suka gwada sun sha dariya. Ana ce musu ragwaye masu ƙazamar gona, kuma da dare a sace musu itatuwan. Da yunwar 1984 ta zo, sai aka haɗa rabon abincin agaji da sharaɗin barin itatuwa a gona, a ƙauyuka kimanin 100. An raya itatuwa wajen 500,000. Da aka daina rabon abinci, sai aka sare kimanin kashi biyu cikin uku. Ku riƙe wannan, jama'a: aikin da aka yi don buhun hatsi, ranar da buhu ya ƙare shi ma ya ƙare. Amma sauran manoman da suka bar nasu sun ga gero bai ragu ba, ga ice ga abincin dabba. Daga wurinsu maƙwabta suka gani suka ɗauka, daga ƙauye zuwa ƙauye, ba tare da an biya kowa ba.

A daidai wannan lokaci hannun gwamnati ya yi sanyi a karkara. Kuɗin yuraniyom ya faɗi, Shugaba Kunce ya rasu a 1987, ma'aikatan gandun daji suka rage yawo. A hankali manomi ya fara ɗaukar itacen gonarsa nasa ne. Daga baya doka ta biyo bayan abin da jama'a suka riga suka fara: dokar ƙasar karkara ta 1993, sabuwar dokar gandun daji ta 2004, sannan a 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka ta musamman da ta tabbatar wa manomi haƙƙin itacen da ya raya a gonarsa.

Abin da Ɗan Saga ya ƙara

Mutanen Ɗan Saga sun shiga rayar da itatuwa bayan farin 1984 kamar sauran ƙauyuka, kuma sun gamu da matsalar da kowa ya gamu da ita. Mutum zai yi shekara uku yana renon itace, wata safiya ya tarar da kututture. Wani lokaci ɗan ƙauyen ne, wani lokaci masu sayar da ice ne daga wani gari, wani lokaci kuma makiyayi ne ya sassare wa dabbobinsa. Manomi ɗaya ba zai iya kwana a gona yana gadi shekara duka ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tun farkon shekarun 1990 Asusun Bunƙasa Aikin Gona na Duniya, wato IFAD, ya fara tallafa wa wani shirin raya karkara a ƙasar Agye, kuma daga 2005 aka shiga sabon zango wanda ya ba da ƙarfi ga dabarun da manoma suka ƙirƙiro da kansu. Da taimakon ma'aikatan wannan shiri, mutanen Ɗan Saga da ƙauyukan da ke kewaye suka zauna suka kafa kwamitin kula da itatuwa. Abin lura shi ne waɗanda aka sa a ciki. Akwai magidanta, akwai samari, akwai mata, domin su ne masu neman itacen girki da ganyen miya, akwai kuma Fulani makiyaya mazauna yankin. Da an bar mata ko makiyaya a waje, da dokar ta zama dokar wasu a kan wasu, kuma da ba ta yi ƙarko ba.

Jama'a da kansu suka tsara ƙa'idojin: wanda yake da ikon sara, yadda za a yi saran, da tarar wanda aka kama yana ɓarna. Aka sanar da sarakunan gargajiya da hukumar gandun daji suka amince, aka kuma sanar da ƙauyukan maƙwabta don kada wani ya ce bai ji ba. 'Yan kwamiti suna zagaya gonaki. Kuɗin tara da na karo-karo suna shiga asusun ƙauye, a yi wa jama'a aiki da su. Ma'aikacin gandun daji da a da ake gudu idan an hango shi, sai ya koma mai ba da shawara da mara wa kwamiti baya. Tsarin ya bazu har aka samu kwamitoci 53 masu kula da ƙauyuka kimanin 170 a ƙasar Agye. Da itatuwa suka yawaita, sai aka buɗe kasuwar ice a Ɗan Saga, inda manoma suke sayar da abin da suka sassabo daga gonakinsu a fili, ba a ɓoye ba.

Ranar da aka ga amfanin abin

A 2004 ruwa ya ɗauke da wuri a Nijar, ga kuma fara. Shekarar 2005 ta zo da matsananciyar yunwa, kuma jihar Maraɗi tana cikin inda abin ya fi tsanani, musamman ga ƙananan yara. A ƙauyukan da ke da itatuwa, magidanci yakan sare reshe ko dirka ya sayar ya auno hatsi, mata su sayar da ganye da 'ya'yan itace, dabbobi su samu abin ci. Mutanen Ɗan Saga sun shaida wa masu bincike cewa ba su rasa yaro ko ɗaya saboda yunwar wannan shekara ba. Bayan wannan yunwa ne aka ƙarfafa rumbunan tsimi a ƙauyukan Agye, waɗanda mata suke riƙe da su, ana ba da rancen hatsi a tsakiyar damina a biya da kaka. Matan jihar Maraɗi dama sun saba da irin wannan riƙo, domin a can ne ƙungiyar CARE ta fara asusun Mata Masu Dubara a 1991, wanda yanzu ake kwaikwayo a ƙasashe da yawa.

A cikin waɗannan shekaru ne wasu masana, Mahamane Larwanou na Nijar da Chris Reij na Holan da Gray Tappan na Amurka, suka gwada hotunan da aka ɗauka daga sama a 1975 da waɗanda aka ɗauka bayan shekara 30. Sun ƙiyasta cewa manoman kudancin Nijar sun raya itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Don ku gane girman wannan fili, ya kai ninki biyu na faɗin jihar Katsina gaba ɗaya. Sun kuma ƙiyasta ƙarin hatsin da ake samu a shekara saboda haka da tan 500,000. A 2018 aka ba Tony Rinaudo wata babbar lambar yabo ta duniya a ƙasar Suwidin, tare da Yakuba Sawadogo, wani manomi na Burkina Faso da ya raya ƙasar da ta mutu.

Gawo da maƙwabtanmu na kusa

Ba sai mun je Agye ba kafin mu ga wannan abu. Kimanin hekta miliyan 1 daga cikin filin da na faɗa yana ƙasashen Magarya da Matamaye da Mirya ne, wato da ka ƙetare iyaka daga Kwangwalam ko daga ƙasar Zango da Baure ka shiga cikinsa. A can gawo ne ya fi yawa, kuma manoma ne suka raya shi da kansu bisa al'adar da suka gada.

Kun fi ni sanin halin gawo. Da damina yana zubar da ganye, saboda haka ba ya yi wa gero inuwa. Da rani yana fitar da ganye da 'ya'ya, lokacin da dabba ba ta da abin ci. Dabbobin da suka taru a inuwarsa suna barin taki, ganyen da ya zuba yana ruɓewa a wurin, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa irin sinadarin da muke saye a buhun yuriya. Shi ya sa geron gindin gawo ya fi na fili kyau. Ana ba da labari cewa Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, ya sa hukuncin kisa a kan wanda ya sare gawo ba da izini ba. A ƙasar Kano ma, binciken da Michael Mortimore ya yi shekara da shekaru ya nuna cewa manoman kewayen birni sun riƙe itatuwan gonakinsu har cikin shekarun fari, domin kowane itace yana da mai shi. Ashe ke nan abin namu ne tun asali, sakaci da canjin zamani ne suka raba mu da shi.

Mu a ƙasar Daura

A nan ma an yi ƙoƙari. Daga 1987 an gudanar da shirin dashen itatuwa na jihar Katsina da taimakon ƙasashen Turai, aka dasa layukan bedi don tare iska a arewacin jihar. A 2015 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar da ke kula da shirin nan na katangar itatuwa ta Afirka, kuma Katsina tana cikin jihohi 11 da shirin ya shafa. Waɗannan ayyuka suna da amfani, kuma dashe yana da wurinsa, musamman inda kututture ya ƙare ko inda ake son mangwaro da zogale da kuka. Amma layin bedi yana bakin hanya ne ko gefen gari. Gonakin Sandamu da Mai'aduwa da Zango da Baure da Daura kuwa, ba wata hukuma da ke da ma'aikatan da za su kai ga kowace ɗaya. Mai gona ne kaɗai yake zuwa can kullum.

Ga yadda ake yin aikin. Lokacin sassabe, kafin ka sa wuta, zagaya gonarka ka zaɓi kututturan da kake so ka raya. Ana farawa da kamar 40 a hekta, wato kamar 16 a eka ɗaya. A kan kowane kututture ka bar rassa uku zuwa biyar waɗanda suka fi ƙarfi da miƙewa, ka cire sauran. Ka sassabe ƙananan rassan da ke jikinsu daga ƙasa zuwa rabin tsawonsu, kada ka wuce haka. Ka yi aiki da adda ko gatari mai kaifi, kana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Ka ɗaura tsumma a jiki don mai wucewa ya san da mai shi. Bayan 'yan watanni ka koma ka cire sabon tohon da ba ka so. Idan sun yi ƙwari kana iya sare ɗaya kowace shekara, ka bar wani sabo ya maye gurbinsa. Ɗan gawon da ya tsiro da kansa kuwa, ka kafa masa ƙaya, ka gargaɗi mai garma.

Akwai tambayoyin da na san suna ranku. Wani zai ce itace yana tara tsuntsaye, wani ya ce inuwa tana kashe shuka. Maganin inuwa shi ne sassabe a kan kari da barin tazara, kuma manoman Maraɗi da suka fi shekara 30 suna wannan aiki ba su daina ba, sai ma ƙara yawan itatuwan da suka yi. Tambayar da ta fi nauyi ita ce ta gonar aro da ta haya da ta jingina: idan na raya itace a gonar da ba tawa ba, na wane ne? Wannan ba malamin gona ne zai warware ta ba, sai an zauna gaban dagaci an yi magana tun kafin a fara.

Nan ne aikin ƙungiyoyinku ya shigo. Nijeriya tana da dokar ƙungiyoyin gama kai tun 1935, kuma gayya da adashi sun girme ta nesa ba kusa ba. Amma da yawa daga cikin ƙungiyoyinmu ba sa motsi sai an ji labarin takin zamani ko rance. Ina roƙon kowace ƙungiya ta koma gida ta yi waɗannan abubuwa kafin damina. Ku kira taron ƙauye da mai unguwa da liman da mata da samari da makiyayan da kuke zaune da su. Ku tsara ƙa'idojinku a rubuce, har da batun gonar aro, da lokacin da makiyayi zai iya ɗibar 'ya'yan gawo da yadda zai sassabi reshe ba tare da ya kashe itacen ba, ku kuma bar burtali a matsayinsa. Ku kai takardar wurin hakimi da sashen gandun daji na ƙaramar hukuma su sa hannu, domin a nan ma akwai itatuwan da doka ta kare, kuma bai kamata manomi ya raya itace sannan a ci shi tara a kansa ba. Ku naɗa ma'aji da magatakarda, a rubuta kowace tara da inda kuɗin ya tafi, a karanta a gaban jama'a, domin rashin bayyana lissafi ya kashe ƙungiyoyi fiye da yadda fari ya kashe. Waɗanda suke da hali kuma su shirya ziyara ta hanyar da doka ta tanada zuwa ƙasar Matamaye ko Magarya, su ga gonakin da idonsu, su yi hira da masu su. Gani ya kori ji.

Ga iyayenmu sarakuna da malaman daji, nauyin da ke kanku shi ne ku tsaya wa manomin da ya raya itace idan aka yi masa ɓarna, ko da mai ɓarnar wani babba ne. Idan aka kama mutum ɗaya aka sake shi don alfarma, ƙauyen duka zai mayar da gatari gona.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.